Lasar Uwa

Litinin, 3 ga Maris

Yau Inna ta cika wata biyu a gidana. Ni na ƙirga, ita ko a jikinta. Na bar mata ɗakina mai taga, na dawo falo kan doguwar kujera, bayana har ya fara yi min tsiya. Ni ke ɗaga ta da safe, ni ke wanke ta, ni ke matsa mata ƙafafun nan da suka kumbura. Likita ya ce zuciyar ta gaji, a lallaɓa ta, kada mu sa dogon rai. A tsaye ya faɗa, yana duba agogo.

Abin da ta fara ce min yau da ta buɗe ido: "Auta ya kira?"

Shekarata arba'in da bakwai, da furfurata a gaban goshi, amma abin yana sukata daidai inda yake sukata ina 'yar shekara bakwai. Abu ɗaya nake so kafin zuciyar nan ta tsaya, kuma ko a takarda kunyar rubuta shi nake ji. Sau ɗaya dai ta neme ni, ba don fo ko magani ba.

Laraba, 5 ga Maris

A wurin aiki Dokta, shugaban ɗakin bincikenmu, ya haɗa ni da sabuwar ɗalibarsa. Ƙwas-ƙwas nake kiranta a raina, saboda takalminta, tun daga matakala ake jin zuwanta. Shekara goma sha tara ina kiwon ɓerayen ɗakin binciken nan, ban taɓa ganin mai son bayani irinta ba. Ta zaunar da ni da takarda da biro kamar 'yar aji ɗaya.

Ga abin da na riƙe. Ɗan ɓera namiji, gab da haihuwa da kwanakin farko bayanta, jikinsa kan kwararo sinadarin maza, homon ɗin nan, ya shiga ƙwaƙwalwa. A ƙwaƙwalwar kuma akwai wasu ƙananan ƙwayoyi na garkuwar jiki. Da na ji aikinsu na ce ai masu shara ke nan, ta yi dariya ta ce sunan ya fi na littafi. Su ke cinye abin da ba a so, su bar abin da ake so, kamar mai sassabe. Homon ɗin ne ke tashinsu, shi ya sa a wasu sassa sharar da suke yi wa namiji daban, wadda suke yi wa mace daban. Ita aikinta ta ƙirga masu sharar a madubin likita.

Nawa aikin kuwa in zauna gaban keji in ƙirga sau nawa uwa ke lasar kowane ɗa. Na ce lasar kuma me ya kawo ta ciki? Ta ce, "Anti, ai uwar ta fi lasar maza. Za ki gani da idonki."

Na ce to.

Asabar, 8 ga Maris

Ranar Auta. Tun ƙarfe tara Inna ta sa na ja mata kujera bakin taga, tana leƙen titi, duk babur ɗin da ya tsaya wajen tashar bas sai ta miƙa wuya. Ta sa na canza mata ɗankwali sau biyu.

Sha ɗaya da rabi ya zo, da lemo shida a leda, hannunsa duk baƙin man firji, daga wurin gyara yake. Bakinta har kunne. Ta kama kansa da hannu biyu tana shafawa, ƙaton mutum mai 'ya'ya uku da sanƙo. "Ka rame, Autana. Ba sa ba ka abinci ne?" Ya ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari." Na ce yauwa.

Minti arba'in ya yi. Ni na ɓare lemon, ni na cire 'ya'yan, ni na share inda ruwan ya ɗiga. Har yamma tana cewa lemon Auta akwai zaƙi.

Talata, 11 ga Maris

Haihuwar farko a ɓerayen, 'ya'ya goma, maza biyar mata biyar. Ranar haihuwa bambanta su sai mai ido, tsirara suke jajaye kamar ɗan yatsa. Ni kallo ɗaya nake yi wa ƙasan wutsiya in sani. Na ɗiga wa kowane tawada a baya, maza shuɗi, mata kore.

Ɗakin da nake ƙirgar mun juya masa lokaci. Ɓera da duhu yake harkarsa, don haka da rana tsaka fitila ja ce kawai a ciki, su a wurinsu duhu ne. Ba a shiga da takalmi mai ƙara, ba a shafa turare. Ni kaɗai da kujerata da abin ƙirga biyu, ɗaya a kowane hannu.

Yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Uwar takan ɗauko mai shuɗi da hannuwanta, ta kwantar da shi rigingine, ta yi ta lasa kamar ba ta da wani aiki a duniya. Mai kore kuwa lasa biyu uku, ta ture ta gefe. Hannun dama na ta dannawa, na hagu yana hutu.

Na fito idona yana yaji. Fitilar ce.

Alhamis, 13 ga Maris

Na tambayi Ƙwas-ƙwas dalili. Ta ce ƙamshi ne, homon ɗin yana sa wani ƙamshi a fitsarin namiji, shi ke jan uwar, ba zaɓa take yi ba. Na ce kowace uwa haka take cewa. Ta kalle ni, na ce wasa nake.

Kullum sha biyu daidai wayarta sai ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce. "Na ci, Mama. Wallahi na ci. Ƙwai da burodi." Mace mai shekara ashirin da takwas ana tambayarta ko ta ci abinci! Har tsaki take yi in ta ajiye wayar. Ji nake kamar in fizge wayar in amsa da kaina.

Jumma'a, 14 ga Maris

Inna ta ce in kira mata Auta. Na ce wayarsa a kashe take. Ban ma gwada ba.

Litinin, 17 ga Maris

Abin da zan rubuta yanzu, in wani ya gani aikina ya ƙare.

Kowace safiya nakan kwashe 'ya'yan daga wurin uwar na minti biyar in auna nauyinsu. A aljihun tebur akwai wani ƙaramin burushin fenti, ragowar wani tsohon bincike. Na san amfaninsa, da hannuna na yi aikin shekarun baya. In aka raba ɗan ɓera da uwarsa, da irin burushin nan ake shafarsa, a jiƙa da ruwan ɗumi, jikinsa ya ɗauka lasa ce.

Akwai wata mai kore, ƙarama a cikinsu, jiya ko kusa da ita uwar ba ta je ba. Tana kan tafina, ɗuminta kamar ƙwai da aka sauke yanzu. Na ɗauko burushin. Shafa talatin na yi mata. Ta miƙe ƙafafu, ta buɗe ɗan bakin nan.

Sai na ga ai rashin adalci ne in yi wa ɗaya in bar huɗu. Na yi wa duka matan. Mazan na auna su na mayar.

Ban rubuta a takardar aiki ba.

Asabar, 22 ga Maris

Auta bai zo ba, wai aiki ya riƙe shi. Inna ta ce, "Bawan Allah, wahala ta yi masa yawa." Ni da na yi wanki kwando biyu na goge ɗaki ina tsaye a gabanta da tsumma a hannu.

Na ce, "Inna, ni fa?"

Ta ce, "Ke me?"

Na ce ruwan wankanki ya yi zafi.

Laraba, 26 ga Maris

Haihuwa ta uku. Har yanzu ina yi. Talatin-talatin, kowace safiya, tun daga kwana ɗaya har ranar da za a karɓe su a duba ƙwaƙwalwarsu. Nakan ce wa kaina me shafa talatin zai canza. To in ba zai canza komai ba, me ya sa nake rufe ƙofa?

Wani abin dariya, ni da nake ƙirga lasa don a san gaskiyar abin da uwa ke yi, ni ce na zama uwa ta biyu a ɓoye. Shekara goma sha tara Dokta yana ce wa baƙi, "Abin da Malama ta rubuta, ku ɗauka kamar kun gani da idonku." Ranar da ya fara faɗin haka sai da na sayi sabon mayafi.

Talata, 1 ga Afrilu

Ƙwas-ƙwas ta kira ni in leƙa madubinta. Na ga masu sharar da idona. Wasu siraran hannuwa gare su kamar saiwar ciyawa, wasu sun dunƙule sun yi ƙiba. Ta ce dunƙulallun su ne masu aiki, kuma a sashen da take dubawa an fi samun su a maza. Gilasan da ake ɗora yankan ƙwaƙwalwar a kai duk lamba ce a jikinsu, ba ta san na namiji ko na mace ba sai ta gama ƙirga duka, don kada son rai ya shiga. Takardar da ke fassara lambobin tana kulle a ofishin Dokta.

Don kada son rai ya shiga. Na ce dabara ce mai kyau.

Ta kuma gaya min ta samu gurbi a wani babban ɗakin bincike a wata ƙasa, za ta fara a Satumba, sharaɗin kawai ta miƙa aikinta kafin ƙarshen Mayu. Mahaifiyarta har ta fara saƙa mata rigar sanyi. Na ce Allah ya sanya alheri, kuma rabin bakina da gaske yake.

Litinin, 7 ga Afrilu

Wajen shan shayi ta ɗauko wani zancen. Wai in uwa ta yi zazzaɓi mai tsanani da ciki, garkuwar jikinta ta tashi, masu sharar ɗan da ke ciki su ma sukan tashi ba lokacinsu ba, kuma a gwaje-gwaje da yawa abin ya fi taɓa maza. Ta ce a mutane ba a gama ganewa ba, kada in ɗauka yankakke ne.

Sai na tuna gida. Inna ta sha ba da labarin zazzaɓin da ta yi da cikin Auta, kwana tara ba ta san inda kanta yake ba. Shi kuma sai da ya shekara huɗu kafin ya haɗa kalma biyu, bayan nan ga in'ina har ya gama firamare. Ni ke yi masa magana a shago. Ni ke dukan masu kwaikwayonsa, har haƙorina na gaba ya gutsure.

To na ji. Shi zazzaɓi ya taɓa. Ni kuma lafiyata ce laifina?

Asabar, 12 ga Afrilu

Ya zo. Ayaba wannan karon. Ya gyara mana ƙofar firji da ta shekara tana kuka, minti uku. Inna ta kira maƙwabciya ta waya don ta ba ta labari.

A matakala ya tsaya ya ce, "Yaya, ran nan Inna ta ce kin kira ni wayata a kashe. Ban ga alamar kira ba." Na ce ƙila matsalar layi ce. Ya ce ƙila. Bai iya zargi ba, tun yana yaro haka yake, shi ya sa ma ya fi ba ni haushi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Haihuwa ta shida, ta ƙarshe. Daga wannan na daina.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Ban daina ba sai da aka karɓe su yau. Na wanke burushin na mayar aljihun tebur, can ƙarshe bayan kwalin safar hannu.

Numfashin Inna ya fara ƙara in ta kwanta. Na ƙara mata filo na uku.

Talata, 29 ga Afrilu

An buɗe lambobin.

Ina wanke kwalaben ruwa na ji takalmin nan yana zuwa, amma a hankali, ƙwas ɗaya sai an jima ƙwas ɗaya. Ta tsaya a ƙofa da takarda a hannu. Ta ce, "Anti, babu komai. Matan sun cakuɗe da mazan. Wasu sun hau, wasu sun sauka, babu layi ko ɗaya da zan iya ja."

Na ce ƙila haka Allah ya yi su. Ta ce ai abin da take nema ya dogara ne a kan bambancin da kowa ya sha samu, in shi ma bai fito ba, to wani wuri aka yi kuskure, kuma babu mai karɓar aikin a haka.

Na ci gaba da wanke kwalbar da na riga na wanke.

Jumma'a, 2 ga Mayu

Kwana uku tana neman laifin kanta. Ta sake haɗa ruwan rini, ta sake ƙirga gilashi sittin, idonta ya yi ja. Yau sha biyu wayar ta yi ta ƙara har ta katse, ba ta ɗauka ba.

Ina bayan ƙofa na ji Dokta yana tambayarta ko an yi kuskuren bambanta maza da mata tun ranar haihuwa. Ta ce, "A'a, Dokta. Anti ba ta kuskure. In akwai matsala daga hannuna take."

Da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Lahadi, 4 ga Mayu

In na yi shiru, babu mai sani har abada. Burushi ba ya magana. Za ta ɗauka hannunta ne bai iya ba, ta tafi da wannan a ranta duk inda za ta. Tana da uwar da za ta rarrashe ta, na ce wa kaina, ita me ta rasa?

Na yanke wa Inna farce. Garin yankan na ɗan taɓa mata nama. Ta ce, "Yau kuma ina hankalinki?"

Litinin, 5 ga Mayu

Na faɗa.

Na sa burushin a aljihun riga na shiga ofishin Dokta, ita ma tana ciki. Na ajiye shi a kan tebur. Na ce mata duka na haihuwa shida, shafa talatin kowace safiya, ban rubuta ba. Muryata kamar ta mai karanta sanarwa.

Dokta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Ya ce, "Malama, me ya sa?" Na ce tausayi suka ba ni. Ƙarya ce rabi, shi ma ya sani.

Ta tambaye shi ko za a iya amfani da su a haka, tunda an san adadin shafar. Ya ce a'a. Babu matan da aka bari ba a shafa ba balle a gwada, babu ma wanda zai iya rantsuwa burushin ne ya jawo. Abin da aka sani kawai, ba a san me aka auna ba. Sai an sake daga farko, wata huɗu in an yi sa'a.

Wata huɗu. Mayu ta tafi, Satumba ta tafi.

Ba ta yi ihu ba. Ta juyo ta ce, "Anti, da kika ga ina sake ƙirga gilasan nan, kin sani?" Na ce na sani. Ta gyaɗa kai ta fita.

Talata, 6 ga Mayu

Dakatarwa ta sati biyu. Bayan nan wankin keji, ba ni ba ɗakin jar fitila sai abin da hali ya yi. Dokta ya ce don shekarun nan ne bai kai maganar sama ba. Bai kalle ni ba da yake faɗa, kuma na san ba zai sake gaya wa baƙo maganar nan tasa a kaina ba.

Na rubuta mata saƙo sau huɗu ina gogewa. Na biyar na tura. Ta gani, ba ta amsa ba. Daidai ne.

Alhamis, 8 ga Mayu

Inna ta lura. "Yau ma ba aiki? Ko korar ki aka yi?"

Ina taje mata kai ne, tana zaune tsakanin ƙafafuna, ba ta ganin fuskata. Ƙila shi ya sa na iya. Na ba ta labari tun daga farko, jar fitila, masu shuɗi da masu kore, uwar da ke ture mata, burushi, yarinyar da na ɓata wa shekara.

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Ɓera kika yi wa kishi? Ke da girmanki?"

Na ce ba ɓera ba ce, Inna.

Matajin yana hannuna. Can ta ce, "Ke ai ba ki taɓa ba ni wahala ba. In na ajiye ki, nan zan dawo in same ki. Ko kuka ba kya yi. Shi kuwa in na juya baya sai in ga kamar ba zan same shi da rai ba."

Na ce, "Ina yi, Inna. A banɗaki nake yi, in buɗe famfo."

Na gama tajewa, na kama mata gida biyu, na ɗaura mata ɗankwali. Da na kawo maganin rana ta karɓa ta sha, ta ce ruwan ya yi sanyi da yawa. Ke nan. Ban san me na zata za ta ce ba.

Asabar, 10 ga Mayu

Auta ya zo ya tafi, kamar kullum. Ta shafa kansa kamar kullum. Ni ina kicin.

Litinin, 12 ga Mayu

Ƙwas-ƙwas ta amsa. Layi biyu. Mutanen can sun ba wani gurbin, sun ce ta sake nema baɗi. Sannan: "Ban yafe ba tukuna, Anti. Amma in an fara sabuwar haihuwa ke za ki bambanta min su, ina tsaye a kanki."

Na karanta ya fi sau goma. Na yi tunanin rigar sanyin nan da aka fara saƙawa, da matar da ban taɓa gani ba da za ta ajiye ta a akwati shekara guda saboda ni. Wata biyu ina jin haushin wayarta, yau kunyarta nake ji.

Laraba, 14 ga Mayu

Jikin Inna ya motsa da safe, leɓenta ya canza kala. Likita ya zo ya ƙara magani, ya ja ni gefe ya ce wanda duk ake so ya gan ta, ya zo ya gan ta.

Ba ta ce in kira kowa ba, ƙarfin maganar ma babu. Na tsaya a kicin da waya a hannu na ɗan lokaci, ba zan ɓoye ba. A raina wani abu yana cewa yau ɗaya dai ki bar ta ta zama taki ke kaɗai.

Na kira shi. Na ce ya rufe shago ya zo, kuma ya zo da kayan kwana biyu, akwai tabarma. Ya fara in'ina a waya, rabon da in ji ta tun muna yara. Na ce, "Yi a hankali, ina jin ka."

Asabar, 17 ga Mayu

Ta ɗan farfaɗo. Jiya ta sha romo cokali shida, a hannun Auta mana, ni da na dafa ina riƙe da kwano. Har yanzu nama mai laushi shi take tura wa daga cikin nata. Ba abin da ya canza, kada in ruɗi kaina.

Da hantsi yana zaune bakin gado yana ba ta labarin wani mai otal da firjinsa ke daskarar da ƙwai. Na shigo da shayi zan ajiye in fita, ina da shanya a waje. Ina sunkuyawa ta kama min wuyan hannu. Ba ta kalle ni ba, idonta na kan Auta, tana ce masa, "Sai aka yi yaya?" Na ɗauka tashi take so, na ce in ɗaga ki? Ta ce a'a. Fo? A'a. Magani sai azahar.

Ba ta saki ba. Babban yatsanta yana ɗan motsi a kan jijiyar hannuna, gaba da baya. Hannunta sanyi, ba nauyi ko kaɗan, da na ja kaɗan zai zame.

Ƙila jiri take ji ta nemi abin riƙewa. Tsofaffi suna haka.

Auta ya matsa min, na zauna. Labarin firjin nan ba shi da daɗi ko kaɗan, kuma ya ja shi ya fi rabin awa. An yi yayyafi, shanyar ta jiƙe, sai na sake wankewa gobe.